Gasar katin Pokémon da Yu-Gi-Oh da Magic: caca ce, sa'a ce ko ƙwarewa?

Duk lokacin da labari ya fito cewa an sayi katin Pokémon guda ɗaya tal a kan miliyoyin daloli sai ka ga mutanenmu sun rabu biyu, wasu su ce ai wasan yara ne kawai masu kuɗi sun rasa inda za su kai kuɗinsu, wasu kuma su ce caca ce tsagwaronta aka yi mata kwalliya da zane. Misalin da aka fi yawo da shi shi ne na Logan Paul, ɗan Amurkan nan na YouTube, wanda a 2021 ya mallaki katin Pikachu Illustrator a kan dala miliyan 5 da dubu 275. To tambayar ita ce, manyan mutane masu gemu da ke hawa jirgi daga Brazil zuwa Japan don su zauna a tebur su buga wannan katin, me suke yi a zahiri? Sa'a suke gwadawa, ko wanda ya fi kuɗi ne ke cinyewa, ko kuwa akwai wata ƙwarewa ta gaske a ciki?

Abin da ke rikita mutane shi ne abubuwa uku ne daban aka cusa a leda ɗaya. Akwai wasan kansa da ake bugawa a tebur, akwai rufaffen fakitin da kamfani ke sayarwa ba ka san me ke ciki ba, sannan akwai kasuwar masu tara kati suna ɓoyewa don ya yi tsada. In ba a raba su ba duk hukuncin da mutum ya yanke zai zalunci ɗaya daga ciki.

Wai mene ne ma wasan?

Ka ɗauki Whot da muka sani a majalisa. Karta ɗaya ce a tsakiya, kowa daga cikinta yake ja, abin da ya zo maka shi ke nan. To a wannan wasan kowa da nasa yake zuwa daga gida. Kamfani ya buga dubban katuna kowanne da aikin da aka rubuta a jikinsa, kai ne za ka zauna ka zaɓi waɗanda za ka haɗa su zama damin katinka, wanda 'yan wasan ke kira dek, abokin karawarka shi ma ya haɗa nasa, sai ku haɗu. Rabin wasan an riga an buga shi tun kafin a zauna.

Wanda ya fara kawo wannan tsarin wani masanin lissafi ne ɗan Amurka, Richard Garfield, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da wasansa Magic: The Gathering a 1993. Pokémon ya biyo baya a Japan a 1996, sai Yu-Gi-Oh na kamfanin Konami a 1999. Su ukun nan su ne manya har gobe duk da akwai sabbi da ke tasowa.

Dokokinsu sun bambanta. A Magic dek ba ya kasa kati 60, ba a saka kati iri ɗaya fiye da huɗu sai dai katunan ƙasa na asali, kowa na farawa da rai 20 da kati bakwai a hannu, kuma kafin ka sauke kati sai ka biya kuɗinsa da wani abu da ake kira mana wanda katunan ƙasa ke bayarwa, ƙasa ɗaya kake iya saukewa a kowane zagaye. A Pokémon kati 60 ne cif, ana ware shida a gefe a matsayin lada, duk lokacin da ka kayar da dabbar abokin karawa ka ɗauki ladanka, wanda ya riga kwashe shidansa ya ci. Yu-Gi-Oh kuwa daga 40 zuwa 60 ne, kati iri ɗaya bai wuce uku, rai 8000, kati biyar a hannu, kuma babu ruwansa da biyan mana, shi ya sa yake da gudu kamar me, mutum na iya sauke katuna rututu a zagayensa na farko kai kana zaune kana kallo.

In ana cakuɗa kati, ina ƙwarewar take?

Gaskiya ne akwai sa'a, duk wanda ya ce babu bai taɓa zama hannunsa cike da katunan da ba zai iya saukewa ba. Amma sa'ar tana da lissafi, kuma ƙwararren ɗan wasa lissafin yake bi tun wajen haɗa dek.

Ga misali. In ka saka kati iri ɗaya guda huɗu a dek mai 60, yiwuwar ka ga aƙalla ɗaya a cikin bakwai ɗin farko kusan kashi 40 cikin 100 ne. In guda ɗaya kawai ka saka abin ya sauka zuwa kusan kashi 12. A Yu-Gi-Oh in kana da kati uku iri ɗaya a dek mai 40, yiwuwar ya zo maka a biyar ɗin farko kusan kashi 34 ne, amma da zarar kwaɗayi ya sa ka cika dek ɗin ya kai 60 sai ya koma kusan 23. Shi ya sa za ka ga gogaggu sun fi tsayawa a mafi ƙarancin adadin da doka ta yarda, sabon shiga kuma shi ne ke tura duk katin da ya burge shi, yana ganin ƙarfi ya ƙara alhali tsarma miyarsa ya yi. Haka batun ƙasa a Magic, yawancin dek mai 60 na ɗaukar ƙasa 24 ko kusa da haka, ka rage da yawa ka zauna ba abin biya, ka ƙara da yawa ka yi ta jawo ƙasa ba abin saukewa.

Akwai ma dokar da ke rage zafin mugun hannu. A Magic in bakwai ɗin farko ba su yi maka ba kana iya mayarwa ka sake ja, amma da asarar kati ɗaya, tun 2019 tsarin shi ne ka ja bakwai sabbi sannan ka zaɓi wanda za ka mayar ƙasan dek. Sanin hannun da za a riƙe da wanda za a mayar, wallahi shi kaɗai ilimi ne, mutane da yawa a nan suke faɗuwa tun ba a sauke kati ko ɗaya ba.

Hujjar da ta fi gamsar da ni dai ita ce sunaye iri ɗaya ke ta dawowa. Kai Budde ɗan Jamus ya ci babbar gasar Pro Tour ta Magic sau bakwai. Jason Klaczynski ɗan Amurka ya zama zakaran duniya na Pokémon sau uku, 2006 da 2008 da 2013. Paulo Vitor Damo da Rosa ɗan Brazil ya shafe shekaru yana kaiwa zagayen ƙarshe kafin ya ɗauki kofin duniya na Magic a 2020 da dala dubu 300. Sa'a zalla ba ta bin mutum ɗaya haka tsawon shekaru a cikin ɗaruruwan mutane. Amma fa ko su ɗin in aka tara duk wasanninsu na manyan gasa ba sa cin bakwai cikin goma, wato sabon shiga na iya doke zakaran duniya a zama ɗaya, abin da ba zai iya ba shi ne ya doke shi a zama ɗari.

Dabarun da ake faɗa a kansu

Na farko shi ne ribar kati. Kowa kati ɗaya yake ja a zagaye, to in na yi amfani da kati ɗaya na share naka uku, na ci ribar biyu, in aka ci gaba a haka za a kai lokacin da hannunka ya bushe ni kuma ina da zaɓi. Brian Weissman ne ya shahara da gina dek a kan wannan tunanin a tsakiyar shekarun 1990, dek ɗinsa kusan ba ya kai hari, tarewa kawai yake yi yana tara kati har sai abokin karawa ya ƙare sannan ya gama da shi a hankali. In kana son ganin girman wannan abu dubi Pot of Greed na Yu-Gi-Oh, aikinsa kawai ka ja kati biyu, ba ya kashe komai ba ya tare komai, amma an daɗe da haramta shi a gasa saboda a wasan da ba a biyan komai, kati ɗaya ya zama biyu kyauta ya yi yawa.

Na biyu shi ne lokaci, wanda suke kira tempo. Kana iya fin mutum yawan kati a hannu amma ya kashe ka kafin ka sauke su. A 1996 wani dek na jajayen katuna masu arha wanda Jay Schneider ya tsara, Paul Sligh ya buga shi, ya ba mutane mamaki, katunan ɗaya bayan ɗaya ba su da wani ƙarfi, sirrin shi ne an jera su yadda a zagaye na ɗaya akwai abin saukewa na mana ɗaya, a na biyu akwai na biyu, a na uku akwai na uku, ba a barin mana ko ɗaya ya kwana. Mai manyan katuna yana jiran ya tara ƙasa biyar, kafin nan an ci rabin ransa. Daga nan kowa ya koyi duba jerin farashin katunansa kafin ya duba ƙarfinsu.

Waɗannan biyun su suka haifi manyan gidajen dek. Akwai mai farmaki da ke son a gama da wuri, akwai mai tsare gida da ke son a ja wasan ya yi tsawo, akwai mai haɗa tarko wanda ke neman wasu katuna biyu ko uku da in suka haɗu wasa ya ƙare nan take ko da rai nawa kake da shi, sannan akwai na tsaka-tsaki da ke canza fuska gwargwadon wanda ya samu. Kuma a nan ne wani darasi da Mike Flores ya rubuta a 1999 yake da nauyi har yau, cewa a kowace karawa dole ka gane wane ne ya kamata ya kai hari wane ne ya kamata ya tare, domin ko dek biyu masu farmaki ne suka haɗu akwai wanda ya fi wani sauri, shi wanda bai kai saurin ba in ya dage sai ya yi tsere to ya faɗi. Sau da yawa mutum zai tashi yana cewa kati ne bai zo masa ba alhali matsayinsa ne bai gane ba.

Pokémon na da nasa lissafin mai daɗi. Manyan dabbobi masu alamar ex sun fi ƙarfi amma in aka kayar da su lada biyu ake ɗauka maimakon ɗaya. Ke nan mai amfani da su sau uku kawai za a kayar da shi wasa ya ƙare, mai ƙananan dabbobi kuma sai an kayar da shi sau shida. Duk wasan sai ya koma ciniki, nawa zan bayar nawa zan karɓa, wa zan tura gaba wa zan ɓoye a benci.

Sai kuma karatun mutum. Ba ka ganin hannun abokin karawarka, amma kana ganin abin da ya yi da abin da ya ƙi yi. A Magic in mai shuɗin dek, wato launin katunan da suka shahara da soke na abokin karawa, ya bar ƙasa biyu bai taɓa ba ya ce maka bismillah zagayenka ne, to ko dai yana riƙe da katin da zai soke abin da za ka sauke, ko kuma babu komai a hannunsa so yake ka ji tsoro ka ɓata zagaye. Za ka tura babban katinka ne ko za ka fara tura ƙarami ya cinye tarkon? A Yu-Gi-Oh ma haka, akwai katuna irin su Ash Blossom da ake jefowa daga hannu a tsakiyar zagayen wani don a katse masa haɗi, mai su dole ya san daidai gaɓar da zai jefa, in ya yi gaggawa an yaudare shi da katin banza, in ya yi jinkiri an riga an gina katangar da ba zai iya rusawa ba.

Meta, wato wasan da ke bayan wasan

Babu dek ɗin da ya fi kowanne a ko da yaushe. Abin da ake tambaya kafin gasa shi ne me mutane za su kawo ranar. In kowa na ganin dek kaza ne ke tashe, masu wayo za su zo da wanda ke cin sa, waɗanda suka fi su wayo kuma su zo da wanda ke cin na masu wayon. Wannan hasashen shi ake kira meta, kuma ƙungiyoyin 'yan wasa kan kulle kansu kwana da kwanaki suna gwada dek da dek kafin babbar gasa.

Tsarin gasar ma an yi shi ne don a rage tasirin sa'a. A Magic karawa ɗaya wasa uku ce, wanda ya ci biyu ya wuce, kuma bayan wasan farko kana iya musanya katuna daga wasu 15 da ka ajiye a gefe musamman don irin wannan abokin karawar. Ba a fitar da mutum don ya faɗi sau ɗaya, ana bin tsarin Siwis ne inda ake haɗa masu maki iri ɗaya zagaye bayan zagaye, a ƙarshe takwas na sama su shiga sili ɗaya ƙwale. Kowa na miƙa jerin katunansa a rubuce, alƙalai na iya ɗaukar dek ɗinka su bincika a kowane lokaci. Kuma ba a wasa da maguɗi, a 2019 a gasar Landan an kori Yuuya Watanabe na Japan, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan duniya, saboda alamomin da aka gani a rigunan roba da ya saka wasu katunansa a ciki, aka dakatar da shi wata 30 aka kuma cire sunansa daga jerin gwarazan wasan.

To mai kuɗi ne ke cinyewa?

A nan sai a yi adalci. Kuɗi na sayen shiga, wannan gaskiya ne, in dek ɗin da ke tashe na buƙatar wani kati guda huɗu kuma kowanne na da tsada, wanda ba shi da hali an bar shi a baya tun a ƙofa. Amma da zarar kowa a zauren ya mallaki katunan, kuɗi ya gama aikinsa, ba ka iya ƙara dala ka saka na biyar. Kuma katunan miliyoyin nan da ake yayatawa yawanci ba su da alaƙa da gasa. Pikachu Illustrator kyauta ce da aka raba wa waɗanda suka ci gasar zane ta wata mujalla a Japan a ƙarshen shekarun 1990, kusan guda 40 ne, rubutun jikinsa taya murna ne kawai ba ya aikin komai a tebur. Black Lotus na Magic yana da ƙarfi na gaske, kyauta ake sauke shi ya ba da mana uku, amma an hana shi a kusan kowane rukunin gasa, inda aka yarda da shi ma guda ɗaya tak. A Pokémon sau da yawa kati ɗaya na fitowa a buga biyu, na talaka da mai ƙyalƙyali, aikinsu ɗaya sak, ɗan gasa ya sayi na talaka ya wuce, mai tarawa ya bi mai ƙyalli ya kai shi kamfani irin su PSA a ba shi maki daga 1 zuwa 10 a rufe a roba. Akwai ma rukunin da ake kira diraf a Magic, mutum takwas su zauna da fakiti uku-uku, kowa ya zaɓi kati ɗaya ya miƙa saura, a nan wurin za ka haɗa dek mai 40, abin da ka tara a gida ba shi da amfani.

Inda nake ganin ƙorafin mutane na da ƙarfi shi ne ikon kamfani. Shi ke buga katin, shi ke sa doka, shi ke cewa yau wannan ya halatta gobe ya haramta. Pokémon na yi wa tsofaffin katuna ritaya daga babban rukunin gasa kusan duk shekara, Magic ma na yi, a 2023 suka tsawaita wa'adin zuwa shekara uku. Masu kare tsarin na cewa in ba haka wasan zai daskare kuma sabon shiga ba zai taɓa kamo tsofaffi ba, kuma da gaskiyarsu. Masu suka na cewa hanya ce ta sa ka sake saye, su ma da gaskiyarsu. Wani lokaci kuma kamfanin ne ke kuskure ya fitar da katin da ya fi ƙarfin wasan, kamar katin Oko na Magic a 2019 wanda a gasar Richmond kusan kashi 70 na dek ɗin da aka kawo suna ɗauke da shi, ba a rufe wata biyu da fitowarsa ba aka haramta shi a rukunin Standard, wato wanda ake yi wa tsofaffin katuna ritaya, waɗanda suka saye shi da tsada suka kwana a ciki. Na Satumbar 2024 ya fi muni, kwamitin sa kai da ke kula da wani rukunin Magic mai suna Commander ya haramta katuna huɗu har da Mana Crypt da Jeweled Lotus waɗanda mutane suka zuba kuɗi sosai a kansu, farashi ya faɗi warwas, wasu suka shiga aika wa 'yan kwamitin barazana har da ta kisa, cikin kusan mako guda suka miƙa ragamar ga kamfanin. Abin ya ba ni takaici ƙwarai, mutanen da ke ƙoƙarin gyara wasa aka far wa saboda wasu sun mayar da katin wasa asusun ajiya.

Batun caca

Wannan ba sabuwar magana ba ce kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Dokar Magic ta farko ma tana da wani abu da ake kira ante, kowa ya ajiye kati ɗaya daga dek ɗinsa wanda ya ci ya kwashe, daga baya aka watsar da shi saboda kamarsa da caca, katunan da ke aiki da shi ma an hana su a gasa. A 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta wasannin Pokémon da katunansa, kuma caca na cikin dalilan da ta kawo. A Amurka iyaye sun kai kamfanonin kati kotu, amma a 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ƙarar bisa cewa mai saye ya samu abin da ya biya, wato fakitin kati da damar samun mai tsada. Beljiyam kuma a 2018 ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a cikin wasannin bidiyo caca ne a dokarta.

Hukuncin shari'a na malamai ne, amma ga yadda abin yake a zahiri don mai tambaya ya san me zai tambaya. Zama a buga wasan ba tare da an sa komai ba abu ne daban. Gasar da ake biyan kuɗin shiga a ci kyauta abu ne daban, kuma ko a nan kamfanonin sun bambanta, Konami ba ya ba da tsabar kuɗi a gasanninsa na Yu-Gi-Oh sai katunan kyauta da kaya, Magic da Pokémon na bayarwa. Sai rufaffen fakiti, ka biya kuɗi sananne ka karɓi abin da ba ka san darajarsa ba, yawanci bai kai abin da ka biya ba, jefi-jefi ya ninka sau ɗari. Ni a ganina duk wata matsalar garari da jarabar saye a nan take zaune, kuma ita ce ta sa a 2021 kantunan Target a Amurka suka dakatar da sayar da katunan Pokémon da na wasannin motsa jiki a shagunansu na wani lokaci bayan rikici ya ɓarke a kan katuna a jihar Wisconsin. Abin lura shi ne 'yan gasa na gaske su ne suka fi kowa gudun buɗe fakiti don neman kati, shawarar farko da suke ba sabon shiga ita ce ya rubuta katunan da yake buƙata ya saye su ɗai-ɗai a farashin da ya gani da idonsa.

Ta ina abin zai shafe mu?

Manyan gasannin a Amurka da Turai da Japan da Latin Amurka ake yin su, gasar duniya ta Pokémon an yi ta a Landan a 2022, Yokohama a 2023, Honolulu a 2024, ga tsadar dala ga kuɗin aiko kaya, don haka yawancin yaranmu ba ta takarda za su haɗu da abin ba, ta waya ne. Yu-Gi-Oh Master Duel ya fito a 2022, Pokémon TCG Pocket a Oktoban 2024, ga Magic Arena da Hearthstone tun kafin su. Saukewa kyauta ne, kuma mutum na iya koyon duk dabarun nan da na lissafa har ya kara da 'yan ƙasashen waje bai biya ko sisi ba in yana da haƙurin tara katuna a hankali. Amma an gina manhajojin ne yadda buɗe fakiti zai yi daɗi, haske da ƙara da agogon da ke ƙirga saura awa nawa ka buɗe na gaba, da maɓallin da ke cewa biya ka buɗe yanzu. Uba ko yayan da ya ga yaro na bugawa, abin dubawa shi ne ko katin banki na haɗe da wayar, kuma yaron wasan yake bugawa ko fakiti kawai yake buɗewa. Sannan katin waya ba naka ba ne kamar na takarda, ba ka da hanyar halal ta sayar da shi ka mayar da kuɗinka, sayar da akawun ma ya saɓa dokar kamfanonin, in suka rufe akawun ɗin ko suka kashe manhajar duk abin da aka zuba ya tafi. Masu sha'awar na takarda kuma su sani jabu sun cika kasuwannin intanet, kuma alƙalin gasa in ya gano na jabu a dek ɗinka ba zai bari ka buga da shi ba ko da kai ma cutarka aka yi.